Likita yace garkuwar jikinta ce ke cin hantarta, ta yaya ake tabbatar da haka?

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wanda ya san harkar ciwon hanta ya taimaka min da bayani, wlh kaina ya kulle. Ƙanwata ce, shekararta 24, wata huɗu kenan da haihuwarta ta fari. Tun bayan arba'in take ƙorafin kasala, mu duk mun ɗauka gajiyar jego ce da rashin barci tunda yaron baya barcin dare, sai abinci ya fita ranta, gaɓoɓinta suka kama ciwo musamman yatsu da gwiwa, daga baya fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi idonta kuma yayi ɗorawa shar. Nan aka ce shawara ce, goggonmu ta haɗo jiƙo ta sha kusan sati biyu amma maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru, shine mijinta ya kaita asibiti.

Anyi gwajin ciwon hanta na B da na C duk babu. Sikanin yace hantar ta ɗan kumbura, ba dutse a matsarmama, ba ƙari. A takardar jini ta gwajin hanta ALT 640, AST 580, ALP ya ɗan hau kaɗan, jimillar furotin 92, albumin 30. Sai likitan ya tura wani gwajin garkuwar jiki mai suna ANA ya fito 1:160, shine yace yana zargin garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar hantar, kuma yana so a tsakuro ɗan naman hantar da allura a duba. To anan rigima ta tashi a gida, Mama tace ba wanda zai soka wa 'yarta allura a hanta tana shayarwa, kawunmu kuma cewa yake tunda an san sunan maganin a saya a kemis kawai ta fara sha. Dangin mijin har sun ware mata kofi da cokali.

Ni abinda nake so in sani, wannan ANA ɗin bai isa hujja ba? Dole sai an tsakuri hantar? Kuma ana ɗauka? Na manta ban faɗa ba, tun cikin na wata bakwai aka ɗorata akan Aldomet na hawan jini kuma har yanzu tana sha.

Likitan Ciki:

Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Zan fara da mafi sauƙi: ba a ɗauka. Ba ƙwayar cuta bace, don haka ba ta cokali ba, ba ta kwanciyar aure ba, ba ta nono ba. A mayar mata da kofinta cikin na mutane don Allah, mai jego mara lafiya bata buƙatar a ƙara mata da wariya.

Sannan ANA shi kaɗai bai isa ba, kuma wannan shine abinda ke ba mu wahala da cutar nan, babu gwaji guda ɗaya da zai fito yace ita ce kamar yadda na B yake yi. Akwai lafiyayyun mutane da ANA ɗinsu ke fitowa, akwai masu kitsen hanta da masu ciwon C da yake fitowa a jininsu, sannan akwai masu cutar ta gaske da ba ya fitowa sam. Harhaɗa hujjoji ake yi, ana kore sauran cututtuka ɗaya bayan ɗaya har a ga me ya rage.

Zargin likitanku yana kan hanya. Cutar ta fi kama mata, wajen uku cikin huɗu na masu ita mata ne, kuma an san tana lafawa lokacin ciki sai ta taso bayan haihuwa, domin garkuwar jiki na sassautawa a lokacin goyon ciki sai ta dawo da ƙarfinta a watannin jego. Tun 1950 da wani likitan Suwidin mai suna Waldenström ya fara bayaninta, a 'yan mata ya ganta masu yawan furotin a jini. Ki duba takardar da kika kawo, in kin cire albumin 30 daga 92 saura 62, wannan ragowar ita ce gulobulin, kuma a mai lafiya bata cika wuce 35 ba. Ni wannan ya fi jan hankalina akan ANA ɗin ma. Gwajin da zai fayyace shi sunansa IgG, ban ga kin ambace shi ba, ki tambaya. Haka SMA da LKM1, su ma alamomin garkuwa ne da ake nema a jini.

Akwai ma'aunin maki da ƙungiyar masana cutar ta duniya ta fitar a 2008, da shi muke aiki. ANA ko SMA in ya kai 1:80 maki 2, IgG in ya haura iyakar lafiya da fiye da kashi 10 cikin 100 maki 2, rashin ciwon hanta na bairos maki 2, abinda aka gani a naman hanta maki 1 ko 2. Maki 6 ana cewa da alama ita ce, 7 zuwa sama an tabbatar. To lissafa da kanki, in ba a duba naman ba komai kyawun sauran gwajin a 6 za a tsaya. Ga amsar tambayarki ta biyu kenan.

Amma abinda kika sako a ƙarshe kamar ba komai ba, Aldomet, shine nake so ki kai wa likitan gobe goben nan in bai sani ba. Metildofa, wato ainihin sunan Aldomet ɗin, yana cikin tsofaffin magungunan da aka sani suna jawo ciwon hanta mai kama da na garkuwar jiki sak, har ANA ya fito, har IgG ya hau. Haka nitirofurantoyin da ake ba mata na ciwon mara da sanyin fitsari, da minosaikilin na ƙurajen fuska. Bambancin yana da girma, domin wanda magani ya jawo in an daina maganin, ko an ɗan ba da sitiroyid, maganin danne garkuwa da kumburi, na 'yan watanni, yakan tafi ba ya dawowa, ita kuwa ta asali magani ne na shekaru kuma da an sake shi take dawowa. Metildofa yana kuma iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, shima ya sa ido ɗorawa, don haka a duba yawan jininta. Kada ta daina da kanta ta zauna ba maganin hawan jini, likita ne zai canza mata wani. Jiƙon goggo ma a faɗa, ba don a ga laifin kowa ba, a kai ragowar sassaƙen in akwai, a faɗi ranar da ta fara da ranar da ta daina. Idon ya riga yin ɗorawa kafin jiƙon don haka ba shine mafari ba, amma zai iya ƙara wa wuta mai. Har farasitamol da dikilofenak da ta sha don ciwon gaɓoɓin a lissafa.

Batun B da C kuma, a ƙasar nan ba a gaggawar cewa babu. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da B, kuma sai 2004 rigakafinsa ya shiga allurar jarirai, don haka da yawan manyanmu basu samu ba. In da ɗan tsinken nan na gaggawa aka yi gwajin a sake a babban lab, a ƙara da anti-HBc wanda ke nuna ko ta taɓa yi a baya ya kwanta. Dalili shine maganin rage garkuwa yana iya tayar da B da ya kwanta, wani lokaci mummunan tashi. Akwai kuma A da E masu zuwa ta ruwa da abinci. Shi ciwon A yawancinmu mun yi shi tun muna yara ba mu sani ba, amma E na nan, ko a 2017 an yi annobarsa a Diffa, kuma mata masu ciki ya fi yi wa illa.

Sauran da ake korewa a taƙaice: cutar Wilson, wadda tagulla ke taruwa a hanta, duk mai ƙasa da shekara 40 ya kamata a duba masa, da gwajin jini da fitsarin awa 24 da likitan ido ya haska ya nemi wani zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Cututtukan hanyoyin ɗaci, PBC da PSC, su ALP ne ke tashi sosai da ƙaiƙayi mai hana barci, nata ALT ne yayi sama don haka basu ne gaba a zargi ba. Kitsen hanta ba kasafai yake kai ALT 600 ba. Sai biyu da suka shafi mai jego musamman: toshewar jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanta, wanda sikanin na dofila ke nunawa, da gazawar zuciya bayan haihuwa da muke gani da yawa a Arewa, tun shekarun 1970 aka yi rubutu akanta a Zariya ana alaƙanta ta da kunun kanwa da wankan jego mai zafi. Zuciya in ta gaza jini kan taru a hanta ta kumbura. In tana haki ko ƙafarta na kumbura a yi hoton zuciya.

Ki ba kawu haƙuri, kada a sayi komai a kemis tukuna.

Uwar Biyu:

Allah sarki, kamar labarina nake karantawa. Hajiya ni shekara ta shida kenan da wannan ciwon, kuma ni sai da na yi wajen shekara ɗaya da rabi ana min maganin taifod da maleriya da ulsa, al'adata ta ɗauke wata biyar har ana min barka ana zaton ciki ne, kafin aka dace da wata likita da ta tsaya ta karanta takarduna gaba ɗaya. Ku gode Allah naku an yi zargin da wuri.

Ki faɗa wa Mama ni an min bayofsin nan, wato tsakuro naman hantar, kuma ga ni. Ba tiyata bace, ba a yanka ciki ba a sa mutum barci. Sun fara duba ko jinina na daskarewa daidai, aka kwantar da ni na ɗora hannun dama ƙarƙashin kai, aka duba da na'urar sikanin, aka yi allurar kashe zafi tsakanin haƙarƙari, aka ce in riƙe numfashi, sai naji ƙas shikenan. Abinda aka ciro kamar guntun zare ne, da aka nuna min a kwalba sai da nace wannan ɗin ne duka? Abinda ya fi damuna kwanciya ta gefen dama na awanni ana ta auna min jini, da wani ciwo a kafaɗar dama da ya tafi washegari. Ni ma uwata kuka ta dinga yi ranar, don haka na san abinda kuke ciki, ki zauna da ita ki mata bayani a hankali, in da hali ku shiga wajen likitan tare da ita taji da kunnenta, iyayenmu sun fi yarda in babba ya faɗa musu ido da ido.

Maganin kam ba zan ɓoye miki ba yana da nasa. Firednisolon, sitiroyid ɗin da aka bani, ya kumbura min fuska, ga ci kamar me, ga rashin barci, mutane suna ta cewa na yi ƙiba hutu ya karɓe ni ni kuwa na san abinda nake ji. Amma cikin 'yan makonni idona ya washe, aka dinga rage shi aka bar ni da azatiyofirin. Kuskuren da nayi wanda har yau nake nadama, a shekara ta biyu naji garau sai na ajiye magani ban faɗa wa kowa ba, wata huɗu ciwon ya dawo aka koma da ni farko. Daga baya kuma aka gano ina da matsalar maƙoshi ta tayirod, likita tace 'yan gida ɗaya ne, duk garkuwar jiki ce. Na haifi na biyuna ina kan magani na kuma shayar da shi lafiya lau da sanin likitocina, don haka batun shayarwa kada ya tsorata ku, ku dai tambaya kafin a fara.

Ɗan Lab:

Malama ni aikin lab nake, ƙarin bayani kaɗan akan na Dakta. Kun yi sa'a an rubuta muku 1:160, da yawa takarda ake ba su an rubuta akwai kawai ba lamba, wannan baya shiga lissafin maki. In za ku yi SMA da LKM1 ku tambaya tun kafin ku biya ko za a ba da lamba. Ba kowane lab ke yinsu ba, yawanci tura jinin ake yi wani gari shi yasa yake ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu, to ku haɗa su a ɗiba ɗaya da IgG da anti-HBc da na tagullar kada a yi ta sukar baiwar Allah kullum.

Kuma duk a ɗibi jinin nan kafin ta haɗiyi sitiroyid ko ƙwaya ɗaya. Yana sauke IgG, yana kwantar da kumburin da ake nema a naman hanta, sai a zo ana duba abinda an riga an share sawunsa, ita kuma ta ƙare ba a san ko za ta sha magani wata shida ba ko shekara ashirin. Gwajin jini na Wilson ɗin nan, serulofilasmin, shi kuma yakan hau in akwai kumburi a jiki ko mace na shan maganin tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, sai ya fito kamar lafiya alhali ba haka ba, shi yasa fitsarin awa 24 ke da amfani, kuma a tara shi a robar da lab suka bayar ba a kwanon gida ba.

Baban Gida 77:

Ni ba likita bane amma maganar kawunku ce ta tayar min da hankali har na kasa wucewa. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yayi ciwon gaɓoɓi, wani mai kemis ya dinga ba shi ƙananan ƙwayoyin nan farare yana jin daɗinsu har wata uku, ashe yana ɗauke da B bai sani ba, da ya daina sai ido yayi ɗorawa ciki ya cika da ruwa, sai da ya kwana ashirin da wani abu a gadon asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. Yanzu yana kan tenofobir kullum. Likitocin suka ce ƙwayar ce ta danne garkuwar bairos ɗin ya samu sake ya hayayyafa. Don girman Allah ku bi a hankali. Dakta ni kuma tambayata, mu mutanen bakin dam ne kusan duk mun yi tsargiya muna yara, ita ma bata cin hanta haka?

Likitan Ciki:

Baban Gida Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, abinda ya same shi shine ainihin abinda muke gudu. Tsargiya iri biyu ce a wajenmu, mai fitsarin jini ita mafitsara ta fi taɓawa, ta hanji ita ce ke kai ƙwai hanta. Amma tata ɓarnar daban ce, tabo take yi a kewayen jijiyoyin jini, saifa ta girma, wani ya yi aman jini, alhali ALT yana nan kusan daidai kuma ido ba ya cika yin ɗorawa sai can gaba. Bata kama da wannan hoton ba. Mai sikila ma idonsa na ɗorawa amma galibi daga fashewar jini ne, kuma da tana da ita da an sani tun kafin shekara 24.

'Yar Tudun Wada, in sakamakon naman ya fito abinda ake nema shine kumburi a bakin iyakar da ke tsakanin hanyoyin jini da ƙwayoyin hanta, cike da wani irin farin jini da ake kira filasma. Zai kuma nuna yawan tabon da ya riga ya samu, wannan yana da muhimmanci don wajen ɗaya cikin uku na masu cutar hanta ta riga ta ƙandare kafin a gano, kuma akwai magani irin budesonaid da ba a ba wanda ya kai wannan matakin. In tabo yayi yawa yana nuna ciwon ya daɗe tun kafin Aldomet, in babu tabo zargin magani ya ƙara ƙarfi, duk da wani lokaci ko mai duba naman baya iya rabewa sai an ga yadda jiki yayi bayan an janye sitiroyid. Wani zai ce muku a yi FibroScan a huta da allura, shi taurin hanta kawai yake aunawa ba ya faɗin dalili, kuma in hanta na cikin kumburi irin wannan yakan nuna tauri fiye da gaskiya.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: in ta fara barcin rana tana kwana ido biyu, ko tana ruɗewa tana maganar da ba kai, ko hannunta na karkarwa, ko dasashi na jini, ko baƙin bayan gida, ko ciki ya kumbura, a tafi asibiti a wannan lokacin ko tsakar dare ne. A irin wannan halin likita zai iya fara magani bai jira bayofsi ba, amma shi zai yanke yana kallon gwajin daskarewar jini wato INR. Kafin a fara maganin kuma a yi hoton ƙirji sbd tarin fuka, a auna suga.

'Yar Tudun Wada:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya biya ku da gidan aljanna. Jiya na koma da ita da duk kwalayen maganin a leda har da ragowar sassaƙen. Ashe likitan bai san da Aldomet ba, a wajen awo aka rubuta mata kuma ba wanda ya ambata masa, nan take ya canza mata wani yace kada ta ƙara shan wancan. An ɗibi jinin IgG da SMA da anti-HBc da na E da na tagullar a ɗiba ɗaya kamar yadda Ɗan Lab yace, INR ɗinta 1.2 yace ba laifi za a iya yin allurar. Yace zai sake ALT bayan kwana bakwai ya ga ko ya fara sauka da daina maganin, in bai sauka ba ranar Talata ta sama za a yi bayofsin.

Na karanta wa Mama abinda Uwar Biyu ta rubuta, tayi shiru can tace to ita za ta raka ta da kanta ta riƙe yaron. Kawu dai har yanzu yana ganin ɓata kuɗi ne amma mijin ya tsaya. Uwar Biyu don Allah ranar da aka miki da azumin abinci kika je ko kin karya, kuma awa nawa kika yi kafin kika iya tashi zaune? Ina so in san ko za ta iya ba yaron nono tana kwance ko mu tatsa mu tafi da shi.